Soja da Ɗan Kwana-kwana a Ranar da Iska Ta Zama Guba

 

Malamaina, hafsoshin soja da na kwana-kwana, likitoci, an umurce ni da in yi jawabi a kan atisayen haɗin gwiwa da rundunonin ceto na soja suke yi da 'yan kwana-kwana a wasu ƙasashe, domin shirin ranar da guba ko ƙwayar cuta za ta ɓarke cikin jama'a. Ni kuwa ban taɓa sa kaki ba, ban kuma taɓa riƙe mesar ruwa a gaban wuta ba, almajiri ne mai yawan karance-karance, saboda haka idan na yi tuntuɓe a fagen da ya ke naku, ku yi mini afuwa irin wadda malami ya ke yi wa ɗalibinsa. Zan fara da labarin wata safiya guda, domin a ganina duk abin da za a faɗa a wannan babi yana ƙunshe a cikinta.

Ranar Litinin, 20 ga watan Maris na 1995, wajen ƙarfe takwas na safe, lokacin da ma'aikatan birnin Tokyo na ƙasar Japan suka cika jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa maƙil suna hanyar ofis, sai wasu mutum biyar, mabiyan wata ƙungiyar ɓata mai suna Aum Shinrikyo, wadda wani Shoko Asahara ya ke jagoranta, suka shiga jirage biyar a kan layuka uku, kowanne yana ɗauke da ledoji naɗe cikin jarida, da laima wadda aka wasa tsininta. Da suka kusa sauka, sai kowanne ya ajiye ƙunshinsa a ƙasa, ya soke shi da tsinin laimar, ya fice abinsa, ya bar ruwan da ke ciki yana tsiyaya yana zama tururi. Wannan ruwa shi ne sarin, gubar da masana sinadarai na Jamus suka gano a 1938 a yayin da suke neman maganin ƙwari, wadda ke shiga ta numfashi ko ta fata ta hana jijiyoyi sakin tsoka, har ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, mutum ya ga duniya ta yi duhu da hantsi, yawu da majina su yi ta zuba, ƙirji ya ƙulle. Mutum 12 suka rasu a kwanakin farko, adadin ya ƙaru daga baya, fiye da mutum 5,000 kuma suka nemi magani a asibitoci.

To, abin da na ke so ku lura da shi shi ne halin da masu ceto suka shiga. A tashar Kasumigaseki, ma'aikatan jirgi biyu, saboda tsabar kishin aiki da tausayin fasinjoji, suka kwashe ledojin da hannunsu suka goge wurin, dukansu biyu kuwa ajalinsu ke nan. Hukumar kwana-kwana ta Tokyo ta tura ma'aikatan agaji 1,364, da yawansu suka kutsa cikin tashoshin da kayan aikin yau da kullum, 135 daga cikinsu suka shaƙi gubar, watau kusan ɗaya cikin goma. Asibitin St. Luke, wanda ke kusa da ɗaya daga tashoshin, ya karɓi majinyata kimanin 640 a ranar, akasarinsu da ƙafa ko a tasi suka zo, babu wanda ya tuɓe musu tufafi ko ya wanke su, sai tururin da ke jikin rigunansu ya cika ɗakunan, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan asibitin suka fara jin alamun cutar da suke ƙoƙarin warkarwa. Da farko ma an sanar da sunan wani sinadari dabam, sai bayan kimanin sa'a uku aka tabbatar sarin ne, wani likita kuma na Jami'ar Shinshu, Nobuo Yanagisawa, wanda ya yi jinyar mutanen da wannan ƙungiya ta sa wa guba a garin Matsumoto a watan Yuni na 1994, shi ya gane alamun a talabijin ya aika wa asibitocin Tokyo bayanin magani.

Ina soja a duk wannan? Sojan Japan yana da rukunin da ya ƙware a yaƙin guba, yana da takunkumi da rigunan kariya da ilmin wanke wurin da ya gurɓata, amma kafin a nemi taimakonsa a hukumance, kafin ya ɗaura ɗamara ya iso, an riga an kwashe majinyata, aikin da ya tarar shi ne wankin jirage da tashoshi. Bayan kwana biyu, da 'yan sanda suka tafi kai samame a mazaunin ƙungiyar a gindin dutsen Fuji, kayan kariyar soja suka ara, suna tafe da tsuntsayen kanari a keji domin idan tsuntsu ya faɗi su san akwai guba. Ilmi yana bariki, gaggawa tana hannun ɗan kwana-kwana, ba a kuwa taɓa zaunar da su a tabarma ɗaya ba. Wannan ita ce mas'alar da na zo da ita. Sa'a ta farko, wadda a cikinta ake rayuwa ko a mutu, ta ɗan kwana-kwana ce da ɗan sanda da direban motar asibiti, ko an so ko an ƙi, domin su ne a bakin titi. Soja kuwa, komai ƙwarewarsa, baƙo ne mai zuwa daga nesa bayan an sa hannu a takarda, kuma ilminsa ba zai amfani kowa a wannan sa'a ba sai idan tun da can ya ba ɗan kwana-kwana ajiyarsa.

Amurka ta ɗauki darasin nan da sauri, gani ga wani ya ishi wani tsoron Allah. A watan Afrilu na 1996 shugaban sojojin ƙundumbala na ruwa, Janar Charles Krulak, ya kafa wata runduna ta musamman da ake taƙaita sunanta da CBIRF, wadda aikinta shi ne shiga wurin da aka saki guba ko ƙwayar cuta, ta gano ko mene ne, ta fito da waɗanda suka faɗi, ta wanke su, ta ba su maganin farko. A barikin Camp Lejeune aka fara girke ta, a shekarar ta yi tsaron wasannin Olamfik na Atlanta, a 2000 kuma aka mai da ita Indian Head ta Jihar Maryland domin ta kusanci babban birnin ƙasar. A 1996 ɗin dai majalisarsu ta yi doka wadda ta ɗora wa ma'aikatar tsaro horar da ma'aikatan agaji na manyan birane 120, daga baya kuma aka kafa ƙananan rukunoni na mutum 22 a rundunar tsaron kowace jiha, waɗanda ke zuwa su tsaya ƙarƙashin umurnin shugaban kwana-kwana na gari su gaya masa abin da na'urarsu ta gani.

Sai dai kada wani hafsa a cikinku ya zaci soja ne kaɗai malami a wannan makaranta. Da waɗannan sojoji suka fara aiki, sai suka tarar sun san guba amma ba su san gini ba. Yadda ake tokare bangon da ya tsage da katako kafin a shiga ƙarƙashinsa, yadda ake yanka ƙarfe da kankare a fito da mutum ba a ƙara masa rauni ba, yadda ake saukar da majinyaci da igiya daga bene mai hawa ashirin, yadda ake lalube cikin hayaƙi a ɗakin da ba a taɓa shiga ba, duk wannan sana'ar ɗan kwana-kwana ce, wadda ya ke yi kullum, alhali soja yana iya gama aikinsa bai gamu da ita ba. Wanda ya koya musu shi ne Raymond Downey, shugaban sashen ayyuka na musamman a hukumar kwana-kwana ta New York, wanda shi kansa tsohon sojan ƙundumbala ne, ya kama aikin kashe gobara a 1962, ya kuma jagoranci masu tono a ginin gwamnati na Oklahoma da aka tayar wa bam a 1995. Ranar 11 ga Satumba na 2001 yana cikin 'yan kwana-kwana 343 da suka rasu a ƙarƙashin dogayen benayen nan biyu na New York da aka kai wa hari. Sojojin suka sa wa filin horonsu sunansa, suka kuma ci gaba da zuwa makarantar kwana-kwana ta New York da ke tsibirin Randall suna atisaye tare da almajiransa. Ni dai ban san wata shaida ta girmamawa da ta wuce soja ya raɗa wa filinsa sunan farar hula ba, ko da ya ke na san sojan zai ce ai nasu ne tun asali.

Bari in kwatanta muku abin da ake yi a irin wannan atisaye, gwargwadon fahimtata. Ana samun tsohon tarago ko ginin da aka rusa da gangan, a zuba mutane masu kwaikwayon majinyata, a busa hayaƙi marar illa, sa'an nan a buga ƙararrawa. Darasi na farko, wanda ya fi kowanne wuya ga mutumin kirki, shi ne tsayawa. A Ingila an koya wa ma'aikatan agaji wata ƙa'ida mai sauƙi: idan ka ga mutum ɗaya a kwance ba dalili, je ka duba shi yadda ka saba; idan biyu ne, matsa da hattara; idan sun kai uku, to, ja da baya ka yi shela, domin mai yiwuwa abin da ya kayar da su yana jiran ka. Ana ajiye mota ta inda iska ke tasowa, a kan tudu, a shata da'ira uku: ta ciki inda gubar ta ke, wadda ba mai shiga sai mai cikakkiyar riga da tukunyar iska a baya, ta tsakiya inda ake wanka, ta waje inda likita ke jira. Rigar nan kuwa azaba ce, ba ta shan iska, tukunyar da aka ce ta sa'a guda ce ba ta ba mutum aikin da ya wuce minti ashirin ko talatin idan an cire lokacin shiga da na wankewa, saboda haka dole wani ya zauna da agogo da allo yana rubuta wanda ya shiga da lokacin da zai fito. Ku kuwa da kuka san zafin bazara a ƙasarmu, ku ƙiyasta abin da wannan riga za ta yi wa mutum a watan Afrilu.

Wankan shi ne inda ɗan kwana-kwana ya fi kowa amfani, domin shi ke da ruwa. Ana jera motoci biyu gefe da gefe, a bar lungu a tsakaninsu, a saki ruwa mai yawa marar ƙarfi kamar yayyafi, jama'a su bi ta ciki. Masana sun ce tuɓe tufafin sama kaɗai yana kawar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya taɓa mutum, a yanka rigar da almakashi kuwa, kada a zare ta ta kai ta shafi ido da baki. Duk wannan ana iya karanta shi a littafi. Abin da ba a samu a littafi, wanda saboda shi ne ake tara mutane a fili, shi ne a gano cewa rediyon soja ba ya jin na kwana-kwana, bakin mesar wannan bai shiga famfon wancan, kalmar da wannan ke nufin "ku fito" wancan yana jin ta "ku matso", sa'an nan a warware babbar tambaya, wadda ita ce wane ne shugaba. A tsarin Amurka amsar a fili ta ke: kanar ne ko janar, idan ya zo gobarar gari, yana bayan shugaban kwana-kwana na garin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, haka kuma ba a sasanta girman kai ranar da gawa ke kwance.

Ƙwayar cuta kuwa hukuncinta dabam ne, domin ba ta da ƙara ba ta da jiniya. A kakar 2001 aka aika wasiƙu ɗauke da garin ƙwayar antaras zuwa gidajen jaridu da ofisoshin sanatoci biyu, Tom Daschle da Patrick Leahy, mutum 22 suka kamu, 5 suka rasu, biyu daga cikinsu ma'aikatan gidan waya ne na Washington waɗanda wasiƙun suka ratsa ta hannunsu. Rundunar CBIRF ta shiga gine-ginen majalisa tana ɗebo samfur tana kwashe wasiƙu, ginin Hart na majalisar dattawa kuwa sai da ya yi wata uku a rufe. A nan mai gadin farko shi ne likitan da ya lura da zazzaɓin da bai yi kama da na kullum ba, kamar yadda marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta yi a Legas a watan Yuli na 2014, ta ƙi sallamar baƙon da ya shigo da cutar Ebola, ta rasa ranta, cutar kuwa ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka rasu. Malamaina da ke nan sun fi ni sanin cewa killace annoba tsohon hukunci ne a wurinmu, tun da Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annobar da aka sani da ta Amwas, wadda a cikinta Abu Ubaida ya yi wafati, kuma babu wani malami da ya ƙirga juyawar nan a cikin raunin tawakkali.

Misalan Turai zan ratsa su da sauri. A Salisbury ta Ingila, a watan Maris na 2018, bayan an shafa wa wani mai suna Sergei Skripal da 'yarsa gubar Novichok, wani ɗan sanda da ya shiga gidan ya kwanta rai a hannun Allah, aka kawo sojoji kimanin 180 su kwashe motoci da kayan da suka gurɓata, aikin wankin garin ya ci kusan shekara. Faransa kuwa ta yanke gardamar tun 1811, lokacin da Napoleon ya mai da 'yan kwana-kwanan Paris rundunar soja, har yau kuma haka suke.

La'alla wani zai ce, malam, wannan duk labarin masu hannu da shuni ne, wa zai kawo mana sarin? Jawabina shi ne, guba ba ta bukatar maƙiyi. A Bhopal ta Indiya, daren 2 ga Disamba na 1984, masana'antar maganin ƙwari ce ta yi yoyo, dubbai suka mutu a kan shimfiɗarsu. A tafkin Nyos na Kamaru, ranar 21 ga Agusta na 1986, iska ce mai nauyi ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta gangara kwari, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawa na Fulani makiyaya. A Jos, a watan Yuli na 2015, tukunyar sinadarin kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo, mutum 8 suka rasu, kulorin ɗin nan kuwa shi ne wanda Jamusawa suka saki a Ypres a 1915, yana kuma ajiye a matatun ruwa na biranenmu, ya fi iska nauyi, yana bin kwari da rami, wanda ya gudu gangare ya gudu tare da shi. Fiya-fiyar da ake sayarwa a kasuwanninmu dangin sarin ce ta wajen aiki a jiki, allurar atirofin da ake yi wa wanda ya sha ta ita ce ake yi wa wanda ya shaƙi sarin, don haka gobara a rumbun maganin feshi ba gobarar rumfar atamfa ba ce. Ga kuma tankokin da ke ratsa garuruwanmu dare da rana; abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone a gefen tankar man da ta faɗi, ya nuna mana abin da rashin shata da'ira ke jawowa. Ɗabi'armu ta rugawa wurin haɗari, wani don taimako, wani don kallo, wani don kwasar ganima, ita ce abin da ya fi ba ni tsoro.

Akwai kuma wata mas'ala da littattafan Turawa ba za su warware mana ba, sai malamanmu. Idan aka ce wa matar aure ko dattijo su tuɓe a bakin titi su bi ta cikin ruwa, wallahi da yawa za su zaɓi tafiya gida da gubar a jikinsu, su kai wa 'ya'yansu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin larura, sun kuma sa tsare rai a cikin manyan manufofin shari'a, amma fatawar da ba a ji ta ba sai ranar tashin hankali ba ta da amfani. A yi bayaninta a kan mumbari tun yanzu, a tanadi labule da zannuwa a cikin motar kwana-kwana, a raba layin maza da na mata, a kuma ɗauki mata aikin nan a horar da su, domin kiyaye al'aura da ceton rai suna iya tafiya tare idan an yi tanadi.

Ceto farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita an sauke wa saura, idan kuwa aka rasa masu iyawa, laifin yana kan kowa, musamman masu iko. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tsarinta ya tanadi rukunonin soja da za a kira idan bala'i ya fi ƙarfin farar hula, don haka ba sabuwar doka na ke nema ba. Roƙona ga kwamandan barikin da ke wannan gari da shugaban kwana-kwana na jiha, tun da Allah ya haɗa ku a sahu ɗaya yau, shi ne kada ku bar zauren nan sai kowanne ya karɓi lambar wayar ɗan'uwansa, ku sa rana kafin damina ta faɗi, ku haɗu a matatar ruwa da mutanenku da motocinku, ku gayyaci babban likitan asibiti da mai unguwa da limamin Juma'a, ku gwada ko rediyonku yana jin juna.